Akushin Birai a Kwarin Tamda

Ranar da Si Bushta, shugaban gandun dajin da ke saman ƙauyenmu, ya sauko Tizgit da koriyar motarsa, bai bari ko shayi ya huce ba ya faɗi abin da ya kawo shi. Wayar shingen gandu za ta sauko ta haɗiye Kwarin Tamda. Daga bana ba tunkiya, ba kare, ba makiyayi. Dalili kuwa, wai birai suna cikin damuwa.

Dattawa suka dubi juna. Mun san biri da sata, mun san shi da rashin kunya, amma damuwa sabon zance ne. Akka, wanda muka zaɓa amgar, mai faɗin ranar buɗe makiyaya da ranar rufe ta, ya tambaya cikin ladabi ko biran ne suka kai ƙara da bakinsu. Si Bushta bai yi dariya ba. Ya ce a cikin shingensa birai barci suke yi har da minshari, a kwarinmu kuwa haushin karnuka da ihun makiyaya sun hana su sakat, kuma ilimi zai tabbatar da haka.

Kowa a Tizgit zai ji jiki in kwarin ya tafi, amma Lalla Itto ce za ta mutu a tsaye. Sauran mutane suna da gonar tuffa, ko ɗa a Sifen mai aiko da abin sayen ciyawa. Ita tumaki kawai mijinta ya mutu ya bar mata, kuma a watannin zafi babu inda suke samun ruwa da ɗanyar ciyawa sai Tamda. In aka rufe, dole ta sayar da garken ta koma Meknes, gidan saman surukinta, mutumin da ke kulle firji ya sa makullin a aljihu. Ta taɓa zuwa can ganin jika, ta dawo ta ce kabari ya fi gidan iska.

Kukanmu ya kai Rabat, fadar gwamnati, Rabat kuwa ta yi abin da ta saba, ta kafa kwamiti. Kwamitin ya turo mana Dakta Nazha, wata siririyar mata mai takalmin sojoji, da sharaɗi guda: ta auna damuwar biran cikin shinge, ta auna ta biran kwarinmu. In namu ba su fi nasa damuwa ba, kwari namu ne. In sun fi, waya ta sauko.

Yadda take awon ne ya ba mu abin hira na wata guda. Da asuba take fita da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, ta bi birai a baya kamar mai neman auren ɗaya daga cikinsu, ta jira wani ya tsuguna. Yana tashi sai ta ruga da ɗan cokali ta kwashe, ta zuba a kwalba, ta rufe da girmamawa kamar turaren Makka. Itto ta gayyace ta shan shayi don ta ji gindin maganar. Dakta ta yi mata bayani cewa in hankalin dabba ya tashi, jikinta na fitar da wani abu da ke bin kashi ya fito, a Meknes kuma akwai na'urar da ke auna shi.

Itto ta ce, "'Yata, har ƙasar Faransa kika je don wannan karatun?"

"Har can, Inna."

"Allah ya ba mahaifiyarki haƙuri."

Dakta ta yi murmushi, ta ce mutum na iya ɓoye damuwarsa a fuska, amma ta wancan ɓangaren babu mai iya ƙarya, ko biri ko minista.

Bayan sallar Juma'a maza suka zauna jikin bangon masallaci neman mafita. Wani ya ce a ɗaure wa karnuka baki. Wani ya ce a hana makiyaya waƙa, musamman Hammu, wanda muryarsa ke sa tumaki ɓari. Wani ya ce liman ya yi rubutu a zuba a maɓuɓɓuga. Mata ba sa zama a wannan taron, amma soron Itto yana kallon bangon, kuma babu dokar da ta hana mace shanya ulu a soronta. Daga can ta leƙo ta dubi Akka, wanda ƙanin mijinta ne, ba ta kuwa taɓa raga masa ba tun yana yawo ba wando.

"Kai ƙanin miji, rawanin nan ya matse maka kai ne? In baƙo ya shigo gidanka fuska a murtuke, me kake yi masa, wa'azi?"

Akka ya ce, "Matar yaya, ana ba shi abinci."

"To. Ni dai tun da aka haife ni ban ga mai ƙoshi yana damuwa ba."

Maganar ta zauna daram, har kowa ya ji haushin da ba shi ya fara faɗinta ba. Ga shi kuma tsofaffinmu sun sha gaya mana cewa birai mutane ne da can, 'yan biki da suka yi wasa da abinci Allah ya juya su. Ke nan dangi ne da suka yi nisa, kuma an daɗe ba a yi musu zumunci ba.

Mu a Tizgit liman ba ya girki, gida-gida ake kai masa abinci bi da bi. Sai aka sa birai a layin: gidan da ya ciyar da liman yau, shi zai ciyar da birai gobe. Dakta tana gama aikinta kafin azahar, don haka aka tsayar da bayan la'asar, aka kuma yi rantsuwa ba mai gaya mata. Akka ya kawo shawarar a watsa abincin a ƙasa nan da can. Itto ta tambaye shi ko kaji ya ɗauke su. Kare ake zuba wa a ƙasa, maƙiyi ake ware wa kwano shi kaɗai. Wanda ake so, akushi ɗaya ake ajiye masa da 'yan'uwansa, kowa ya sa hannu. Aka fito da babban akushin biki, wanda sai maza biyu ke ɗauka.

Ita ta fara. Kuskus ne da kabewa da karas, man shanu na kwance a kai. Aka dire shi a gindin wani ƙaton itace kusa da maɓuɓɓuga, muka ja da baya muna kallo.

Birai suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Da can kowa harkarsa yake yi, wannan na tonon saiwa a can, wancan na juya dutse a nan, ba mai shiga sabgar wani. Yanzu ga duniya duka an tara a kwano guda. Wani ƙaton namiji da muka laƙaba wa Ka'id, saboda tafiyarsa irin ta masu mulki ce, bai sa hannu ba. Shiga ya yi ya zauna a tsakiyar akushin. Wanda ya miƙo yatsa ya sha cizo. Kafin ka ce me, daji ya ɗauki ƙara, ana kokawa, ana jan gashi, uwaye na gudu da jarirai, wani matsoracin namiji ya fizgi jaririn wata ya riƙe a gabansa kamar garkuwa yana kaɗa haƙora.

Itto ta share hawayen daɗi da gefen mayafinta, ta ce, "Ku ji su. Ko bikin 'yar Akka ba a yi murna haka ba."

Daga nan abin ya zama gasa. Matar Akka ta ji an yaba kabewar Itto, ta zuba zabibi da albasa mai zaƙi. Gidan Hammu suka sa kaza. Wata da ba ta son a raina ta ta yi waina da zuma. Liman ya lura cewa miyar da ake kai masa ta fara tsinkewa, naman kuma sai an yi bincike. Juma'ar da ta biyo baya huɗubarsa a kan mutanen da suka fifita dabbobi a kan magadan annabawa ta tsaya, bai kama suna ba, amma ya daɗe yana kallon Akka.

Birai suka yi tumbi. Gashin wasu ya fara zubewa, kunnen wasu ya yage. Suka daina shiga daji, tun hantsi suke taruwa a gindin itacen suna harare-harare, kowa na gadin wurin da akushi zai sauka. Wata safiya Dakta ta ce wa Itto abin na ɗaure mata kai, biran kwari sun fara yawan susa, susa kuwa a wurin biri alamar rashin kwanciyar rai ce. Itto ta jinjina kai kamar mai jimami. Dakta na fita ta aika kanti a sayo kan sukari, irin dunƙulen nan da muke kai wa gidan makoki ko gidan da ake neman sulhu. In ran mutum ya ɓaci duk da an ciyar da shi, to sukari ya rage. A kan dunƙulen nan Ka'id ya karya wa ƙaninsa yatsa.

Asiri bai daɗe ba. Mai bin kashi da cokali ba a ɓoye mata abin da aka ci. Dakta ta fara tsintar zabibi, ta tsinci ɓawon kabewa, ranar da ta tsinci ƙashin kaza sai ta ƙi komawa masauki. Bayan la'asar ta fito daga bayan wani dutse, daidai lokacin da Akka da Hammu ke nishi da akushi, Itto na biye da butar romo.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Tsayawa ta yi ta kalli dambe har ya ƙare, sannan ta zauna a kan akwatinta ta gaya musu cewa sakamakon farko, na kafin su fara wannan alheri, ya dawo tun tuni. A lokacin biran kwari lafiyarsu ƙalau. Karnuka na ɗan tayar musu da hankali, amma ba abin a zo a gani ba. Da sun bar su kawai, da kwarin ya tsira. Yanzu kuwa kwalaben da take aikawa ko ba na'ura ta san abin da za su ce.

Akka ya ajiye akushin a hankali, ya matsa gefe yadda kowa zai gane ba shawararsa ba ce.

Itto ta ce, "'Yata, ki rubuta na farkon mana. Na bayan nan kuskure ne irin na masu son zumunci."

"Inna, abin da na samu shi zan rubuta, na farko da na baya."

Washegari Itto ta kai mata bargon da ta saƙa da hannunta, Dakta ta yaba saƙar ta mayar mata. Labari ya riga ya zaga. Dillalin tumaki daga Azru ya fara zuwa gaisuwa ba dalili, yana shan shayi idonsa na kan garke. Surukin Meknes ya bugo waya ya ce an share mata ɗan ɗakin da ke kusa da banɗaki, amma ta sani ba a kunna fitila bayan isha'i.

Ranar da Itto ta ɗauko bargonta za ta koma gida, sai da ta kai ƙofa ta juyo ta tambayi Dakta, ita dai don ta sani, mene ne ainihin abin da biri ba ya so. Dakta ta ce taro, hayaniya, da mutane a kansa ba dare ba rana. Biri dai a bar shi. Itto ta maimaita a ranta, taro da hayaniya. Ta ce Allah ya yi albarka, ta tafi.

Kowa ya san Si Bushta na kai baƙi cikin shingensa. Tun da ya ce biransa sun fi na ko'ina natsuwa, manya daga Rabat da Turawa masu ba da tallafi suke zuwa gani da ido. Baƙo kuwa ba a tarbarsa da hannu sake. Yakan kafa ɗan tanti a tsakiyar dajin, a gasa rago, masu bandiri biyu ko uku daga ƙauyenmu su ɗan taɓa.

Itto ta sa mayafinta na biki, ta hau jaki har ofishinsa. Ta gaishe shi da sunan da ya fi so, Sidi Mudir, wato Maigida Darakta. Ta ce ta zo ne ta sallama, ta gane ilimi ya fi ta, kwari ya tafi ke nan. Abu ɗaya ne kawai ke ci mata rai. Jiya a kasuwa ta ji ana cewa shugaban gandun da ke bayan dutse, in ya yi baƙi, ƙauye guda yake fitarwa, maza sahu, mata sahu, har da harbin bindiga. Shi kuwa Sidi Mudir, mai biran da babu kamarsu, da 'yan bandiri uku kamar sunan ɗan marayu. Ta ce ita kunyar ta Tizgit take ji, kada a ce ba mu san darajar maƙwabci ba.

Si Bushta ya gyara zama. Shugaban gandun bayan dutse abokin karatunsa ne, kuma tun suna makaranta ba ya ƙaunarsa. Ya tambaya abin zai ci nawa. Itto ta ce haba, ana sayar da mutunci ne?

Daga ranar, duk baƙon da ya shiga shinge, Tizgit kaf ke tarbarsa. Maza kafaɗa da kafaɗa suna rawa da bandiri, mata na guɗa har sai jijiyar wuya ta fito, tsofaffi suka kakkaɓo bindigogin kakanninsu suna ɗura albarushi. Hammu, wanda aka so hana waƙa, aka ba shi gaba. Itto da kanta take zaɓar wurin kafa tanti, kullum a gindin itatuwan da birai ke hutawa, don baƙi su gan su da kyau. Baƙi suka ji daɗi suka gaya wa wasu baƙin. Wanda ya zo da aiki ya dawo da iyalinsa. Birai suka koma can ƙololuwar reshe, sun ƙanƙame juna, ba motsi. Si Bushta yakan nuna su da sanda ya ce a duba natsuwa, ko gezau ba sa yi.

Dakta ta ci gaba da zuwa da asuba da cokalinta. Ta roƙi Si Bushta ya rage, ya ce mata al'adar mutane ce, gwamnati kuma na girmama al'ada. Sau ɗaya ta haɗu da Itto a bakin shinge, muryar tsohuwar ta dushe saboda guɗa. Ta dube ta ta daɗe.

"Inna, kin gane karatun da sauri."

"Tsufa ne, 'yata. Ba ni da lokacin maimaita aji."

Ranar yanke hukunci, a cikin shingen aka yi zaman, a babban tanti. Sai da aka yi rawa, aka yi harbi, aka ci rago, sannan shugaban kwamitin, wani mai ƙiba da ke gyangyaɗi tsakanin jimloli, ya ce Dakta ta faɗi abin da ta samu.

Ta fara da kwarinmu. Ta ce da farko biran suna lafiya, daga baya damuwarsu ta ninka, saboda wani dalili da mutanen ƙauye suka fi ta sani. Dattawanmu suka shiga nazarin takalmansu. Si Bushta ya shafa gashin baki, ya dubi Itto da tausayi irin na wanda ya ci nasara. Can bayan tanti dillalin Azru ya miƙe tsaye don ya ji da kyau.

Sai ta juya kan biran cikin shinge. Ta ce irin abin da na'ura ta nuna, ba ta taɓa ganinsa ba sai a jikin biran da ake ja da sarƙa a dandalin birni ana ɗaukar hoto da su. Sun zarce na kwari nesa ba kusa ba. Rashin motsin da ake nuna wa baƙi kuwa, tsoro ne ya daskarar da su.

Si Bushta ya ce na'urar ta lalace. Ya ce wataƙila farin ciki ne, ai shi ma yana sa zuciya bugawa. Ya ce an musanya kwalabe. Shugaban kwamitin ya farka sosai, ya tambaya shin a duk dutsen nan babu biri ko ɗaya mai kwanciyar hankali? Dakta ta ce akwai wani ɗan garke a wani lungu da ba hanyar mota, ba ruwan da makiyayi zai nema, ba wanda ke kare su, ba wanda ke son su. Su ne kaɗai lafiyayyu. Ya ce madalla, a ina suke, kwamiti zai so ya kai musu ziyara.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na manta hanyar."

Sharaɗi dai sharaɗi ne, kuma shugaban na son ya kama hanya kafin rana ta faɗi. Ba a ce biran kwari su kasance cikin jin daɗi ba, cewa aka yi kada su fi na shinge damuwa. Ba su fi ba. Kwarin Tamda ya zauna a hannun Tizgit, da gargaɗin kada a ƙara kai wa biri ko ƙwayar kuskus. Mata suka ɓarke da guɗa, tsofaffi suka ƙara harbi ɗaya na godiya, wani biri ya saki fitsari daga sama a kan rufin tanti. Dillalin Azru ya tafi ba sallama. Akka ya fara gaya wa na kusa da shi cewa tun farko shi ya tsara komai.

Shugaban kwamitin ya kira Itto, ya riƙe hannunta da hannu biyu. Ya ce labarin wannan kwari ya taɓa masa zuciya, wurin da mutum da dabba suke zaune kamar 'yan uwa ɗaya. Wata mai zuwa zai kawo minista da 'yan jarida su gani da idonsu, a can bakin maɓuɓɓuga za a kafa tanti. Tunda kuma an ce ita ce uwar kwarin, ya san ba za ta yarda wani ya riga ta ba da ragon baƙi ba.

Dakta Nazha ta rufe akwatin ƙanƙararta, ta rataya, ta fita.

Baƙo ba a ce masa a'a. Itto ta ce a kan kai da ido, gidan gidansa ne. Da yamma Akka ya same ta a garke tana zagaya tumakinta, tana taɓa bayan wannan, tana duba kofaton wancan, kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya. Ya nuna wani matashin rago mai sheƙi ya ce wannan ne ya dace da minista. Ta wuce shi ta je can kusurwa, ta kamo ƙahon wani tsohon rago da ya ga zamanin mijinta, fata da jijiya kawai, wanda ko kerkeci ya gani zai yi masa sannu ya wuce.

"Matar yaya, wannan ai ko an kwana ana gasawa ba zai tauno ba."

Ta ce, "Ɗaure min shi daban. Su ma haƙoransu su san damuwa."